Tattalin Fetur a Motoci Masu Turbo da Ƙarfin Gudu: Nazari Daga Unguwar Al Buteen ta Dubai

Tsakure

Kamfanonin ƙera motoci sun daɗe suna tallata injin turbo a matsayin wanda ya haɗa ƙarfin babban inji da tsimin ƙarami, amma masu irin waɗannan motoci a ƙasashe masu zafi kan tarar cewa abin da suke kashewa a gidan mai ya zarce abin da takardar mota ta alkawarta. Wannan maƙala ta bayyana musabbabin wannan giɓi, inda ta ɗauki unguwar Al Buteen da ke yankin Deira na birnin Dubai a matsayin fagen misali. An dogara ga sanannun ƙa'idojin aikin inji da kuma lissafin da mai karatu zai iya maimaitawa da kansa. Maƙalar ta nuna cewa injin turbo yana da hali biyu, na tsimi da na ɓarna, kuma zafin gari da ingancin fetur da ƙafar direba su ne ke yanke wanda zai rinjaya. Daga ƙarshe an danganta bayanin da halin da ake ciki a ƙasar Hausa bayan janye tallafin mai a Nijeriya.

Fitilun Kalmomi: turbo, tattalin fetur, oktan, cunkoso, Al Buteen

1.0 Gabatarwa

Al Buteen ƙaramar unguwa ce a tsohon garin Dubai, a bakin mashigin ruwan da ake kira Khor Dubai, tsakanin Al Ras da Al Sabkha. Fataken ƙasar Hausa da ke zuwa sarin gwal da turare da abaya sun san lungunan wannan yanki da kasuwanninsa, sun kuma san yadda mota ke rarrafe a titin Baniyas da yamma. A wannan cunkoso ake ganin motocin da aka ƙera domin gudun fiye da kilomita 250 a awa suna bin bayan masu tura kaya. Mintuna kaɗan daga nan kuma, da zarar an ƙetare ruwa an hau titin Sheikh Zayed, motar za ta sami filin da za ta sake jiki. Wannan ne ya sa unguwar ta dace da nazari, domin a tafiya guda mota na fuskantar matsanancin cunkoso da matsanancin gudu, duka a cikin zafin da kan haura digiri 40 a watannin Yuli da Agusta.

Batun tattalin mai bai dami mazauna Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sosai ba sai daga ranar 1 ga Agusta, 2015, lokacin da gwamnati ta saki farashin fetur ya riƙa bin kasuwar duniya, wani kwamiti yana sanar da sabon farashi kowane wata. A wannan watan litar fetur mai lamba 95 ta tashi daga dirhami 1.72 zuwa 2.14. A watan Yulin 2022 kuwa, litar mai lamba 98 ta kai dirhami 4.63. Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma ba wanda ke sayen motar gudu domin arahar mai. Duk da haka, akwai tazara mai yawa tsakanin man da ƙirar mota ta wajabta da wanda rashin sani ke ƙonawa a banza, kuma wannan tazara ce maƙalar ta sa a gaba.

2.0 Yadda Turbo Ke Aiki

Injin fetur na samar da ƙarfi ne ta hanyar ƙona cakuɗen iska da mai a cikin silinda. Domin man ya ƙone ƙurmus, ana buƙatar giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na fetur. Ke nan iyakar ƙarfin inji na rataye ne a kan yawan iskar da zai iya shaƙa. Ko a lokacin da ya fi ƙwazo, injin fetur bai cika mayar da fiye da kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na makamashin mai zuwa motsi ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na ficewa ne ta salansa a matsayin hayaƙi mai zafi.

Turbo dabara ce ta cin moriyar wannan hayaƙi. Fanka biyu ne a kan sanda guda: hayaƙin da ke fita yana juya ta farko, ita kuma ta biyu tana ɗura wa inji iska da ƙarfi. Sandar kan juya fiye da sau 150,000 a minti. Wannan aiki shi ne za a riƙa kira ɗurin iska a cikin maƙalar. Injiniyan ƙasar Siwizaland Alfred Büchi ne ya yi rijistar dabarar a 1905, ta shiga motocin fasinja a Amurka a 1962, sannan motoci irin su BMW 2002 Turbo ta 1973 da Porsche 911 Turbo ta 1975 suka sa ta yi suna a fagen gudu.

Daga baya manufar ta sauya. Dokokin rage hayaƙi sun tilasta wa kamfanoni ƙanƙanta injuna, su cike gurbin da turbo. A 2015 Ferrari ta maye gurbin injinta mai lita 4.5 da mai lita 3.9 da turbo biyu a samfurin 488. A 2021 Toyota Land Cruiser 300 ta fito da silinda shida da turbo biyu a madadin silinda takwas da aka saba da ita, Nissan Patrol ma ta bi sahu a samfurin da aka ƙaddamar a Abu Dhabi a 2024. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne sarakan titi a yankin Tekun Fasha, kuma su ne motocin manya a Abuja da Kano.

2.1 Hali Biyu a Inji Guda

Tsimin ƙaramin inji yana da dalili. A tafiyar yau da kullum mota ba ta buƙatar sai ɗan ƙaramin kaso na ƙarfinta. Babban inji a wannan hali yana numfashi ne ta ƙofar iska da ke kusan rufe, kamar mai zuƙar kunu ta siririn kara, yana ɓata ƙarfi wajen zuƙa kawai. Ƙaramin inji kuwa ƙofarsa ta fi buɗewa a tafiya iri ɗaya, gugar ƙarafunsa ma ba ta kai ta babba ba. Wannan shi ne halin tsimi.

Da zarar direba ya danne totur, sai hali na biyu ya bayyana. Idan turbo ya ninka matsin iskar da ke shiga, inji mai lita biyu zai shaƙi iskar da mai lita huɗu ke shaƙa, kuma dole mai ya bi iska. A nan ƙaramin inji ya zama babba a ƙarfi, ya zama babba a ci. Har ma yakan zarce babban, saboda wani dalili da bai cika fitowa a talla ba. Idan zafin hayaƙi ya doshi digiri 950 zuwa 1,000, fankar turbo da matatar hayaƙin da makanikai ke yi wa laƙabi da indomi suna iya lalacewa. Domin kare su, kwamfutar injin takan ƙara feshin mai fiye da wanda iska za ta iya ƙonawa, ma'aunin ya sauko daga 14.7 zuwa 12 ko ƙasa da haka. Wannan rarar mai aikinta sanyaya inji ne kawai, kamar a yayyafa wa ƙarfe ruwa, sai dai ruwan nan da kuɗi ake sayensa.

Gwaje-gwajen da ake fitar da alƙaluman shan mai da su ba su cika kai inji wannan hali ba. Gwajin WLTP da Turai ta fara amfani da shi a watan Satumbar 2017 ana yin sa ne a ɗaki mai zafin digiri 23, da na'urar sanyaya mota a kashe. Duk wanda ya san Deira a watan Agusta ya san ba haka duniya take ba.

3.0 Zafi da Oktan

Zafin gari na matso da iyakar da ke tsakanin halayen nan biyu kusa. Iskar digiri 45 ta fi ta digiri 20 sakayau da kimanin kashi takwas cikin ɗari, don haka sai turbo ya ƙara himma kafin ya tara iskar da inji ke nema. Matse iska kuma na ƙara mata zafi: iskar da ta shiga da digiri 45, idan aka ninka matsinta, takan fita da fiye da digiri 130. Saboda haka ake ratsa ta cikin masanyayar iska, wadda ke kama da ƙaramin lagireto, kafin ta isa silinda. Sai dai masanyayar ba ta iya sanyaya iska ƙasa da zafin gari, kuma a cunkoso, inda babu iskar tafiya da ke bugun ta, ita kanta takan ɗauki zafi. Motar da ta yi rabin awa tana rarrafe a titin Baniyas, idan hanya ta buɗe direba ya danne totur, to ya neme ta da aiki mai nauyi a lokacin da ta fi kowane lokaci rashin shiri.

Haɗarin iska mai zafi shi ne ƙwanƙwasa, wato wani ɓangare na cakuɗen ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso shi. Ya kamata a bambanta wannan da abin da makanikan Nijeriya ke nufi da nokin, wato inji ya lalace ya tsaya, ko da yake ƙwanƙwasar da ta daɗe tana iya kai wa ga hakan. Injunan zamani na da na'urar da ke jin ƙwanƙwasa, da ta ji sai kwamfuta ta jinkirta wutar fulogi. Injin ya tsira, amma man ya ƙone a makare, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙara zafi, sai kuma a koma ga feshin rarar mai. Direba bai ji komai ba illa motar ta yi nauyi, sai ya ƙara danne totur.

Lambar oktan ma'auni ce ta juriyar fetur ga ƙwanƙwasa. A Daular ana sayar da iri uku: E-Plus 91 da Special 95 da Super 98. Lambar ba ta nufin yawan makamashi, don haka zuba 98 a injin da aka ƙera domin 91 ba ya ƙara komai sai kuɗin da aka biya. Zuba 95 a injin da aka ƙera domin 98 kuwa araha ce da ke iya zama tsada. A watan Yulin 2022 ana sayar da 95 a kan dirhami 4.52, 98 kuma a kan 4.63, bambancin da bai kai kashi biyu da rabi cikin ɗari ba. Muddin jinkirta wuta ya ƙara shan mai fiye da wannan ɗan kaso, ribar ta tafi. Abin bi shi ne lambar da kamfani ya rubuta a murfin tanki ko littafin mota.

4.0 Inda Mai Ke Tafiya

4.1 A Cikin Cunkoso

A lungunan Al Buteen turbo kusan barci yake yi, amma a nan ne ma'aunin mota ke nuna mafi munin alƙaluma. Dalili shi ne a cunkoso agogo ake biya, domin inji na shan mai ko mota na tafiya ko tana tsaye. A ɗauka, domin misali, cewa inji da na'urar sanyaya mota suna shan lita ɗaya da rabi a awa a tsaye. Idan matsakaicin gudu kilomita 10 ne a awa, wannan kaɗai ya kai lita 15 a kowace kilomita 100, kafin a lissafa man da ke tura motar. Idan matsakaicin gudun ya kai kilomita 60, kason ya sauko zuwa lita biyu da rabi.

Abu na biyu shi ne tashi da tsayawa. Litar fetur na ɗauke da kimanin megajul 32 na makamashi. Motar da ke da nauyin kilogiram 1,800, idan ta kai gudun kilomita 60 a awa, ta tara kilojul 250 na motsi. Idan inji na mayar da kashi 30 cikin ɗari na mai zuwa motsi, an ƙona kusan mililita 26 domin kai wa wannan gudu, kuma taka birki sau ɗaya zai mayar da shi zafi a faifan birki. Wanda ya yi haka sau arba'in tsakanin fitilun hanya ya zubar da fiye da lita guda. Idan kuma kowane tashi da fizga ake yin sa, har turbo ya farka a kan masanyaya mai zafi, asarar ta wuce haka.

4.2 A Babban Titi

A buɗaɗɗen titi abokin gaba shi ne iska. Turjiyarta na ƙaruwa ne daidai da gudu ninki kansa. Daga kilomita 100 zuwa 140 a awa turjiyar ta kusa ninkawa, daga 120 zuwa 140 kuma ta ƙaru da kashi 36 cikin ɗari, ƙarfin da ake nema daga inji domin keta iskar ya ƙaru da kusan kashi 59. Wannan ƙarin nauyi na iya tura ƙaramin inji cikin ɗurin iska ya zauna a can tsawon tafiyar. Tsakanin Dubai da Abu Dhabi kimanin kilomita 140 ne: mai gudun 120 zai yi minti 70, mai gudun 140 zai yi minti 60. Minti goma ke nan ake saya da wannan ƙarin mai.

5.0 Matakan da Ke da Tushe

Daga bayanan da suka gabata, matakan tattali sun fito da kansu. Na farko kuma mafi girma shi ne rage lokacin da inji ke yi a cikin ɗurin iska. Yawancin motocin gudu na da ma'aunin da ke nuna matsin turbo, kuma direban da ya saba kallonsa zai gane iya inda zai taka ba tare da allurar ta haura ba. Tsarin tuƙi na tsere da ake zaɓa da maɓalli yana riƙe ƙaramar giya, yana sa totur saurin amsawa, don haka ba shi da gurbi a cikin gari. Sai dai kuma ba a so a wuce gona da iri. Danne totur a babbar giya alhali inji na juyawa a hankali yana iya haddasa fashewar cakuɗe tun kafin fulogi ya ba da wuta, matsalar da ta addabi ƙananan injunan turbo masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, har ta kasance cikin dalilan fito da ma'aunin baƙin mai na API SP a 2020. Baƙin man da ya dace da umarnin kamfani, a kaurinsa da ma'auninsa, kariya ne ga inji da turbo baki ɗaya.

Na biyu shi ne hangen nesa: barin tazara, da ɗaga ƙafa tun daga nesa idan an hango jar fitila. Injunan zamani kan yanke mai gaba ɗaya idan an saki totur mota na gangarawa cikin giya, abin da ba ya faruwa idan an cire giyar.

Na uku shi ne sarrafa zafi. Ajiye mota a inuwa, da buɗe tagogi na ɗan lokaci kafin a kunna na'urar sanyaya, da sa ta juya iskar cikin mota maimakon jawo ta waje, duk suna rage mata aiki. Wanke ƙura da yashi daga fuskar masanyayar iska da lagireto na mayar musu da ƙarfinsu. Al'adar barin inji na aiki minti biyar ko goma domin turbo ya huce gado ce daga tsofaffin motoci. Yawancin na yanzu ruwa ke sanyaya turbonsu, kuma sassauta gudu a kilomitocin ƙarshe ya wadatar, sai dai in an fito daga matsanancin gudu aka tsaya nan take. Iskar taya kuma da safe ake auna ta, tayar na sanyi, domin wanda ya rage iskar taya mai zafi zai wayi gari da taya mai laushi, mai jan ƙasa.

Na huɗu shi ne zaɓen lokaci da hanya. Kuɗin Salik, wato kuɗin ƙetare ƙofofin titi da Dubai ta fara karɓa a watan Yulin 2007, yakan sa wasu direbobi zagaye ta hanyoyi masu cunkoso, alhali man da za a ƙona a zagayen na iya fin kuɗin ƙofar. Ga mai zuwa kasuwannin Al Buteen kuwa, koren layin jirgin ƙasa na birni da aka buɗe a watan Satumbar 2011 yana da tasha a Al Ras da dandalin Baniyas, ga kuma kwale-kwalen abra da ke ƙetaro mutane daga Bur Dubai. Babu dabarar tuƙi da ta kai barin motar a gida tattali a irin wannan tafiya.

Akwai kuma abubuwan da ake tallatawa waɗanda ba su da tushe. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada fiye da na'urori ɗari da ake cewa suna rage shan mai, ba ta sami wadda ta kawo gagarumin sauyi ba. Sauya lissafin kwamfutar inji domin ƙarin ƙarfi kuwa yana ƙara matsin turbo da zafi da buƙatar oktan, kuma wanda ya biya kuɗi domin ƙarin ƙarfi da wuya ya ƙi amfani da shi. Cire indomi ba ya rage shan mai, illa ya rikita na'urorin auna hayaƙi ya kuma gurɓata iskar da jama'a ke shaƙa.

6.0 Darasi ga Ƙasar Hausa

Abin da Daular ta yi a 2015 ya sami Nijeriya a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Abuja da Kano, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. A daidai wannan lokaci motocin da ake shigo da su, daga Amurka da Turai da kasuwannin motoci na Dubai, sai ƙara zama masu turbo suke yi, domin su ne kamfanoni ke ƙerawa.

Zafin Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu bai gaza na Dubai ba, ga ƙurar hunturu a kai. Babban bambancin yana wajen mai. Direban Deira na da zaɓi uku a famfo, na Kano kuwa fetur iri ɗaya yake samu, wanda lambarsa ba ta kai 95 ba. Motar da aka ƙera domin 98 za ta rayu a nan cikin jinkirta wuta a duk lokacin da aka matsa mata, ta rasa ƙarfin da aka saye ta dominsa, ta kuma ƙara shan mai. Sayen mai a galan wajen 'yan bumburutu na ƙara haɗarin, kuma ba a manta gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo ƙasar a farkon shekarar 2022 ba. Saboda haka tattalin mai a ƙasar Hausa na farawa ne tun ranar ciniki, da tambayar wace lambar oktan injin ke buƙata. Wannan na nuna buƙatar makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin makanikai su sami bayanan irin waɗannan injuna cikin harshen da masu gyaransu ke aiki da shi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsimin injin turbo alkawari ne mai sharaɗi. Yana cika ne muddin injin na aiki a matsayin ƙarami, yana kuma warwarewa da zarar ɗurin iska da zafi sun mayar da shi babba. A cunkoson Al Buteen tsayuwa da tashi da na'urar sanyaya mota ke cin mai, a titin Abu Dhabi kuma turjiyar iska, yayin da zafi da ƙarancin oktan ke ƙara tsananta duka biyun. Dukkan waɗannan abubuwa ne da ake iya aunawa. Mai mota zai iya cika tanki, ya rubuta kilomita, ya sake cikawa a famfo ɗaya, ya raba lita da nisan da ya yi, sannan ya sauya ɗabi'a guda ya sake aunawa. Irin wannan awo, idan aka yi shi bisa tsari a titunan Kano da Sakkwato da Maraɗi, a bazara da hunturu, zai samar da alƙaluman da suka dace da yanayin ƙasar Hausa, kuma fage ne da ke jiran masu bincike.